Bawana Bazazzagi, Littafinka Yana Hannuna

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake bisa ƙa'ida kai ya kamata ka tako har Kano ka cire takalmi ka kwashi gaisuwa. Labari ya iske ni cewa makon jiya ka hana gidanka barci. An ɗaga katifu, an zazzage aljihunan riguna, an tsare almajirin gida da tambayoyi, har ɗan autanka ya sha ranƙwashi a banza. To ka ƙyale bayin Allah, littafin yana wurina. Ranar ɗaurin auren nan na Gwammaja, da ka tafi neman ruwan alwala ka bar ni cikin mota ina narkewa kamar man shanu a rana, na buɗe aljihun gaba ko zan dace da ɗan goro. Goro dai babu, a motar Bazazzagi ina za a same shi. Sai ga wani abu an naɗe a leda, an ɗaure da robar kuɗi, kamar takardar gida. Na zura shi a aljihun babbar riga. Cika-ciki biyu ke nan ba ka aiko da kuɗin shara ba, ka ga kuwa jingina na riƙe, ko gaban alƙali aka je.

Tun daga bango na fara dariya. Littafi ne mai bangon kwali, irin wanda masu kanti ke rubuta sunayen masu cin bashi, ka sa jan biro ka rangaɗa masa manyan baƙaƙe: LITTAFIN MOTAN MALAM. Motan! Ko'ina a ƙasar Hausa mota mace ce, daga Sakkwato har Damagaram, sai ta shiga Ƙofar Doka take rikiɗa ta koma namiji. Ga ku da jami'a tun 1962, ga Barewa, ga Kongo, amma har yau an rasa malamin da zai zaunar da ku ya raba muku “ce” da “ne”.

Ciki kuwa aikin ɗan boko ne tsantsa. Ka sa rula ka tsaga kowane shafi gida shida: kwanan wata, sunan gidan mai, lita nawa, naira nawa, lambar da maleji ya nuna, sai wani gida mai faɗi a ƙarshe da ka raɗa wa suna “Bayani”. Za mu zo kansa, don a nan tsiyar take.

Layin farko 1 ga Yuni, 2023. Ko ba a gaya mini ba na san abin da ya kai ka kantin littattafai. Kwana uku kafin nan Shugaba Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ranar rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mutane su wartsake lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Da can ai na sha ganinka a gidan mai, ka sauke gilashi rabi, ka ce wa yaro “cika ta”, kana latsa waya, ko mita ba ka kallo. Abin da jami'a ta kasa koya maka, wuya ta koya maka cikin kwana uku.

Mai son tarihin wahalar ƙasar nan ya ajiye jarida ya karanta gida na huɗu. A farko lita 540. Kafin Yuli ya fita ta wuce 600. Satumbar 2024 tana leƙen 900, Oktoba ta tsallake 1,000. Har rubutun hannunka ya bi farashin: shafukan farko manya-manyan baƙaƙe kamar na mai rubutun allo, na baya-bayan nan kuwa ka danne biro har ya huda takarda. Marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana jan Peugeot 504 haɗin Kaduna, a zamanin Shagari yana shan lita a kobo 20, bai taɓa rubuta ko alif ba. Kuma kada ka kawo mini ƙorafi. Tun 1980 aka kafa muku matatar mai a Kaduna, a bakin ƙofarku, kuka zuba mata ido ta yi shekaru tana sharar barci. Sai da ɗanmu na Kano ya je can Lekki ya gina mai tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024. Na san abin da za ka ce, wai ai shi ma ba kyauta yake ba ku ba. To da ma wa ya ce maka Bakano yana kyauta?

Bari mu zo kan abin da ya kusa sa ni ƙwarewa da shayi. Motar nan taka, Camry ta 2004 mai ƙaton baya, wadda 'yan Kudu suka laƙaba wa sunan girman banza, daga Amurka aka kawo ta, Amurkawa kuwa da mil suke awon hanya. Kai kuma wata huɗu cur kana kwafo lambar maleji kana rubuta “km” a gefenta. Ga shi a shafi na 3: tafiya 260, mai lita 40, ka raba ka samu 6.5, ka ja layi biyu a ƙasa, ka rubuta “Innalillahi”. Daga nan aka shiga jinyar mai lafiya. Aka sauya fulogi, aka wanke nozul, aka sa sabon famfon mai, har ka fara kiran dillalai kana cewa mota ta zama rijiya gaba dubu. Abin da ka zubar a gareji cikin watannin nan ya isa ragon layya mai ƙaho. Alhali mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, wato 260 ɗin nan kilomita 418 ce, motarka tana ba ka kusan kilomita 10 da rabi a kowace lita. Ga tsohuwa mai injin 2.4, a kan titunanmu, ai sai hamdala. Garin neman ƙiba ka samo rama.

Ni na ga alamar abin tun ranar da ka shigo shagona baki har kunne, wai ka auna daga ƙofar gidanka zuwa Kwari 96 kacal, ashe gyaran hanyar da aka yi har gajarta ta ya yi. Hanyar da kowane direban Sharon ya san kilomita 150 ce da ɗoriya! Na ce to madalla, Allah ya sa Zariya ta ci gaba da matsowa, wata rana mu wayi gari mu gan ku a bayan Kura mu yanka muku haraji. Wa ya warware zaren a ƙarshe? 'Yarka ta aji biyu a ƙaramar sakandare, da ta leƙo daga kujerar baya ta ce, “Baba, ai manyan lambobin na mil ne, kilomita su ne ƙananan nan na ciki.” Na duba ranar a gidan Bayani. Ka rubuta: “An gano kuskure.” An gano! Ba a faɗi wanda ya gano ba, ba a faɗi wanda ya tafka ba.

Kuskuren ma bai tsaya kan lissafi ba. Kai mai alfaharin ba ka wuce 80 a hanya, ashe gudun kilomita kusan 130 kake shararawa da iyali a baya, a titin da doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 100. Irin wannan gudu kuwa shi ke zuƙe tanki, don in mota ta ninka gudunta, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Sannan bakanike ya ce ka riƙa juye duk bayan kilomita 5,000, kai kuma kana jiran maleji ya ƙirga 5,000 irin nasa, wato baƙin mai ɗaya yana cin sama da kilomita 8,000 cikin ƙurar hunturu da cunkoson PZ. Injin nan ɗan halak ne.

Na yarda bayan wannan abin kunya ka ɗan yi hankali. Da can kana shan na dubu biyar ka zuba wa allurar geji ido, ita kuwa maƙaryaciya ce ta bugawa a jarida. Tanki ai ba mudu ba ne, a karkace aka ƙera shi don ya samu wurin zama a ƙarƙashin mota, shi ya sa allura takan daɗe a sama kamar ba za ta sauko ba, da ta wuce rabi kuma ta gangaro kamar an jefo ta. Awon gaskiya guda ne. A cika tanki har kan famfo ya yi ƙas ya tsaya da kansa, a rubuta maleji, a shiga harkoki, ran da aka sake cikawa a raba tafiyar da aka yi da litocin da suka shiga. Ba a jijjiga mota irin na 'yan tasha don a ƙara cusa rabin lita, in an yi haka cikar yau ba za ta zo daidai da ta gobe ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tankinka lita 70 yake ci. A kan 1,000, cikawa ɗaya naira 70,000 ke nan, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ma'aikaci ya yi wata guda yana gumi, ya juye shi a cikin girman banza, ya koma gida ba ko kuɗin gishiri. Sai ka ɓullo da dabara: ka cika ranar albashi, duk 'yan dubu uku da dubu biyar na tsakiyar wata ka rubuta litocinsu, albashi na gaba ka sake cikawa, ka tara duka ban da cikawar farko, ka raba. Lissafin ya fita daidai. Na jinjina maka a zuci, a baki kam kada ka sa rai.

Sauran dabarun naka, Allah ya kyauta. Wai da asuba kake shan mai, don lokacin yana da sanyi ya fi kauri. Malam, rumbun gidan mai a binne yake cikin ƙasa, ɗumin da ke can da asuba kusan shi ne da azahar, barcinka kawai kake asara. Sai maganar firi. Duk gangarar da ka hango sai ka zare giya ka saki mota, kana murmushi kamar wanda ya ci ribar gwamnati. Wannan dabarar zamanin kafireto ce. Mota mai nozul da kwamfuta, in tana gangarawa cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, ita da kanta take yanke mai. Da ka sa ta a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji abin riƙe numfashi. Ranar da ka wuce gona da iri ka kashe injin ɗungurungum, ai ka ji yadda birki ya koma dutse, sitiyari ya ƙi juyuwa. A Bayani ka rubuta: “An yi addu'a sosai.” Esi kuwa yana shan mai, ba na musu. Amma a ce mutum ya ɗauko baƙo a watan Afrilu, a Kano, da rana tsaka, ya ce masa esi yana hutawa? Tun 2023 yake hutawa. Ko ɗan majalisa bai samu hutu irin nasa ba.

To ga mu a gidan Bayani. A nan na gane duk wanda ya taɓa ɗora mazaunansa a kujerar motar nan yana da fayil. “Kai surukai Funtuwa, lita 14, Allah ya ba da lada.” “Maƙwabci ya ara zuwa asibiti, ya dawo da allura a kwance.” “Ɗauko Bakano daga Na'ibawa zuwa Kwari. Ya nemi a kunna esi. An ƙi. Ya ci gyaɗa ya bar ɓawo.” Tayoyi ma kowacce da ranar haihuwarta. Ka tsuguna ka kwafo lambobi huɗun nan na gefen taya, 3521, ka fassara, mako na 35 na shekarar 2021, ka lissafa ranar da za ta cika shekara huɗun da jami'an kiyaye haɗurra ke cewa taya ta tsufa. Na tambayi Uwargida a waya ko ka san ranar haihuwar ɗan autanku. Ta yi dariya har da tari.

Af, tunda an ambaci Uwargida. Akwai wani abu da ya shige mini duhu, kai ne malami, sai ka fahimtar da ni. Tun daga watan Sha'aban, kowace Alhamis maleji yana ƙaruwa da mil 38, ba ƙari ba ragi. Gidan Bayani kuma, wanda bai raga wa mai ɓawon gyaɗa ba, a nan kalma ɗaya tak yake ɗauke da ita: “Ziyara.” Na ɗauki kalkuleta. Mil 19 zuwa, 19 dawowa, in aka bi ta Samaru aka wuce Shika, wajajen Giwa mutum zai tsinci kansa. Wace ziyara ce ba ta tashi sai Alhamis bayan la'asar? Ga kuɗin wankin mota duk Laraba, ga “turaren mota, 1”. Kuma tun da aka fara ziyarar nan lissafin kilomita a kowace lita ya ɗan sauka. Ashe esi yana dawowa daga hutu ranar Alhamis. Mutum ya zauna da hannunsa, da rularsa, ya rubuta wa kansa takardar tuhuma, har da kwanan wata! Ni dai ban ce komai ba. Allah ya sanya alheri, in an sa rana a gaya mana da wuri mu kai ɗinki.

Kada a ce Bakano ba ya faɗin gaskiya in ta kama: littafin ya yi maka rana. Na ga watan Maris na 2024, da mota ta fara zafi a cunkoso, wani bakanike ya cire tamostat ya wurga a kwanon notuna, ya haɗa fanka kai-tsaye, ya ce maka wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Motoci nawa aka yi wa haka a ƙasar nan, masu su suna godiya. Kai ma ka yi godiya har da na goro. Sai littafi ya fara magana: 10.4, sai 9.6, sai 9.2, alhali hanya ɗaya kake bi, gidan mai ɗaya. Tamostat shi ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta kuma da ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara masa mai, kamar uwar da ke ɗura wa yaro kunu. Ainihin ciwon kuwa lagireto ne ya toshe, don ruwan rijiya kake ɗirka masa. Ka koma garejin da littafi a hammata, aka tono tamostat daga cikin notuna, aka wanke lagireto, lamba ta koma mazauninta. Ba don rubutun ba da har yau kana tsine wa gidan mai.

Tun daga nan ka zama dodon kanikawa. An ce kafin juye sai ka ɗiga jan farcen Uwargida a jikin tsohuwar filta, don kada a goge ta da tsumma a mayar maka a ce sabuwa ce. An ce in mota za ta kwana a gareji sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta, ka haska tocila ka yi sallama da indomi, tukunyar nan ta jikin salansa da ɓarayi ke farauta saboda 'yan ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinta, da safe kuma ka dawo ka tambaye ta kwana.

Na kuma karanta rigimar gidan man nan da ba zan kama sunansa ba, inda mita ta nuna lita 74 a tankin da masu ƙera shi suka ce 70 yake ci, alhali da ƙafarta motar ta shigo, ko wutar mai ba ta kawo ba. Layi ya miƙe a bayanka ana ta danna hon, kai kuwa ka baje littafi da kalkuleta a kan but, ka ce sai an kira manaja, in ba haka ba gobe da sassafe kana ofishin NMDPRA, hukumar da ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, mai garƙame gidajen da ke tauye mudu. Aka ja ka gefe, aka mayar maka da kuɗin lita goma, aka haɗa da lemo mai sanyi. Lemon ma ka rubuta. Shi wannan gida na sunayen gidajen mai, da na ɗauka tsabar sa-ido ne, sai da na tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp, motoci suka yi ta mutuwa a titi, in ka tambayi mai mota inda ya sha sai ya hau susar ƙeya. Mu da duk abin da aka ce ɗan Beljiyam ne muke rububinsa, ranar da aka kawo mana fetur ɗan Beljiyam na ainihi mun ji a jikinmu.

Yanzu sai shafi na 47, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ina dawowa daga Kaduna, magariba ta kawo jiki, daidai Kwanar Ɗangora sai jar wutar nan mai kama da butar shayi ta kawo. Ɗaya wutar, mai ruwan ɗorawa mai hoton inji, da ma na daɗe da liƙe ta da baƙin salatif don tana kashe mini ido da dare. Na ce bari in lallaɓa zuwa gida. Ban yi nisa ba inji ya fara ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, ya yi tari biyu, ya yi shiru. Wani yaron gareji da ke bakin hanya ya zo ya zaro sandar gwajin mai, ya goge a wandonsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta a hasken waya. Ƙamas take, sai wani baƙin abu a bakinta kamar kwalta. Ya ce, “Alhaji, yaushe rabonka da juye?” Na ce tun kafin azumi. Ya ce, “Wane azumin?” Na buɗe baki, na rufe.

Duk mutanena na Kano babu wanda ya ɗaga waya, sai kai. Ka zo da igiya, ba ka ce mini uffan ba, ka ɗaura, ka ja ni sannu a hankali har Unguwa Uku, a hanya ma ka tsaya ka saya mini shayi. Na yi ta yabonka a Kwari, ina cewa a cikin Zagezagi ma akan dace da na Allah. Ashe ka koma gida ka ɗauko rula. “Janyo motan Bakano daga Kwanar Ɗangora zuwa Unguwa Uku, da zuwa da komawa, lita 33. Shayi da burodi, ya ƙara ƙwai biyu. Dalili: wata 14 ba juye. Inji ya buga. Mutumin yana da shago a Kwari.”

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Ni da na san yadi nawa ya rage a kowane bandir na shadda ko ban duba ba, ni da yaron shago ba ya ɓatar mini da naira hamsin ban gano ba kafin la'asar, a ce na bar inji ya ƙone saboda galan ɗaya na baƙin mai da filta. Kuɗin da na ƙirga a Ƙofar Ruwa na wani injin ɗan Beljiyam, da juye aka yi ta yi da su, da har jikokina sun gaji canji. Na so in yage shafin. Har na kama kusurwarsa, sai na juya bayansa na ga a nan ka rubuta ranar da aka sauya man giya da birkin gaba. Hannuna ya tsaya. Kada ka ruɗi kanka ka ce tausayi ne, kasuwa ce ta faɗo mini a rai.

Ka san yadda cinikin tsohuwar mota yake a ƙasar nan. Dillali zai dafa bonet ya rantse maka wata tsohuwar Baturiya ce ke hawanta, daga gida sai coci. Maleji kuwa, tsohon yayi ne ko na lantarki, akwai masu mayar da shi baya kamar yadda wasu ke rage shekaru a takardar haihuwa. Motar Amurka tana da lambar jiki mai baƙaƙe da alƙaluma 17, wadda in ka biya a intanet, a wurin irin su Carfax, za a nuna maka haɗarin da aka rubuta mata da malejin da aka gani a can. Amma daga ranar da ta hau jirgin ruwa labari ya yanke. Abin da ta gani a hannunmu, ruwan rijiya, man bumburutu, ramukan damina, babu mai ba da shaida sai rantsuwar mai neman la'ada. Taka kuwa tana da shaida a rubuce, layi-layi, har da lemo. Duk mai hankali zai ɗora kuɗi mai kauri a kan mota irin wannan.

To ga tayina. Motar da ke ƙofar gidanka yau ba ta da littafi. Tsohuwar Camry ce kawai da ta ba shekara ashirin baya, esinta ma ba a tabbatar yana aiki ba sai ranar Alhamis. A wannan farashin zan saya. In ka sallama aka shafa fatiha, ni na san inda zan samo mata tarihinta, in haɗa su in sayar wa wani ɗan bokon irinka. Kada ka ce na cuce ka, ai zan ɗora maka kuɗin lita 33 da ƙwai biyu a kan cinikin. Shafukan Alhamis kuma in cire in ba ka ba ko sisi, ka ga ke nan wani lokacin Bakano yana kyauta. In ka ƙi sayarwa ba rigima, ka kawo kuɗin sharar shekara biyu ka karɓi kayanka. In kuwa Asabar ta wuce ban ji ɗuriyarka ba, akwai direban Sharon da ke bi ta ƙofar gidanku, zan ba shi saƙo a leda ya miƙa wa Uwargida hannu da hannu.

In za ka zo, ka taho da rular nan taka. Na sayi wani littafi mai bangon kwali a Sabon Gari, na rubuta MOTAR a bangonsa, da “r” ɗinta yadda Bahaushe ya gada, amma sau uku ina tsaga gidajen suna fitowa a karkace. Kuma ka kunna esi tun daga Kura, motar ta yi sanyi kafin in shiga.